Agogon shiga teku da sidi 1,500: yadda ake ciki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh jama'a, na yi rajistar koyon nutso da tukunyar iska, wanda ake ce ma skuba. Tukunya da abin shaƙa da rigar roba duk haya suke bayarwa, amma tabarau na ruwa da agogo malamin ya ce gara kowa ya mallaki nasa. Ni walda nake yi a Tema, gida kuma Nima ta Accra a nan Ghana, kuɗin koyon kaɗai ya taɓa aljihu sosai, dan haka abin da na iya warewa na agogo sidi 1,500 ne, a canjin yanzu da dala take wajen sidi 15 kaga dala 100 kenan. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya saboda nasan akwai yaran Zongo da ke aiki bakin ruwa a Tema da Takoradi da za su zo kan wannan tambayar.

Dalilin agogon ba ado bane. Iskar da kake shaƙa a ƙasan ruwa tana matse, jiki na ta shan naitirojin, duk yadda ka ƙara zurfi ko ka ƙara daɗewa yana ƙara taruwa a jini da nama. In ka wuce ƙa'ida ka taso, sai ya zama kumfa cikin jiki, ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani ma rai. Shi yasa akwai jadawali: a teburin PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, mita 18 iyakarka minti 56, mita 30 kuma minti 20 kacal. Toh da me zaka ƙirga mintin in agogon ya sha ruwa ya tsaya?

Asabar, 18 ga Janairu

Na zaga gari. Kasuwar Kantamanto ban ma shiga ba, tun gobarar farkon watan nan mutane na ta fama da sake kafa rumfuna, Allah ya mayar musu da alheri. Na bi ta Makola da Tudu na ƙare a Circle. Agogo kam ga su nan kamar me, masu kamar na nutso da zobe baƙi da manyan ɗigo fari, sidi 150, 200, 300. Ka juya bayansu sai kaga 30M ko 50M ko 3ATM.

Wani saurayi mai tebur, da zuciya ɗaya yake magana wlh, ya ce min yaya ai kai ka ce mita 18 za ka, wannan kuwa 30 aka rubuta, har da rara. Lissafin a baki daidai ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Lambar nan ba zurfin da zaka je bane, matsin da aka gwada sabon agogo ne a ɗakin gwaji, yana zaune, na 'yan mintoci, kuma ba dole ne a gwada kowane ɗaya ba, ana iya ɗiban samfur kawai. Mai 30 na alwala da ruwan sama ne. Mai 50 ka ɗan yi iyo a sama-sama. Mai 100 iyo sosai da leƙa ƙasa da numfashinka. Mai tukunya a baya, 200 ake nema, sannan kan saitin nan na gefe ya zama mai ɗaurewa da zare kamar noti. Wasu zoben nasu ma manne yake ba ya juyawa sam, hoto ne kawai. Ban sayi komai ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Satin nan karatu na yi da daddare bayan aiki. Ashe ƙa'idoji biyu ne daban na ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya. ISO 22810 ita ce ta agogon da ke jure ruwa na yau da kullum. ISO 6425 kuma ita ce ta agogon nutso, kuma wanda ya cika ta ne ake rubuta masa Diver's a fuska ko a baya, misali Diver's 200m. Abubuwan da take buƙata sun burge ni dan duk abin da aka sa akwai dalilinsa a ruwa.

Aƙalla mita 100, kuma ana gwada shi da ƙarin kashi 25 cikin ɗari kan abin da aka rubuta, wato mai 200 ana matsa shi kamar yana mita 250, sannan kowane agogo ɗaya-ɗaya ake gwadawa ba samfur ba. Dole a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, dole kuma akwai alamar da zata nuna maka a duhun cewa yana tafiya, shi yasa hannun sakan ke da ɗan fenti mai haske. Ana jiƙa shi a ruwan gishiri awa 24 a ga ko zai yi tsatsa, ana gwada shi da maganaɗisu, da bugu, ana ma ja igiyar da ƙarfi a ga ko fil ɗin da ke riƙe ta zai ɓalle. Maganaɗisun nan ya shafe ni kai tsaye tunda kusa da injin walda nake wuni, kodayake ba niyyata in sa shi wurin aiki ba.

Zoben kuma, wannan ne na fi so. Lokacin da zaka nutse sai ka juya shi alamar sama ta zo daidai da dogon hannu, daga nan duk inda hannun ya kai, lambar kan zoben ita ce mintin da ka yi a ƙasa. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo. Me yasa? In ka buge shi da dutse ya motsa, zai nuna maka ka daɗe fiye da gaskiya, sai ka fito da wuri. Da yana juyawa ɗaya gefen da sai ya rage maka minti ka zauna kana ganin da saura. Wanda ya tsara wannan ya san ruwa. Tun 1953 da Blancpain ta fito da Fifty Fathoms ake kan fasalin agogo mai zoben ƙirga minti, Seiko kuma ta yi nata na farko a 1965, har yau kusan zanen ɗaya ne.

Abu ɗaya da na cire daga lissafi: ɗan bawul ɗin fitar da iskar hiliyom da ake tallata manyan agogo da shi. Na masu kwana da kwanaki cikin ɗakin matsi ne a aikin mai na cikin teku. Mu ba ruwanmu da shi, kar wani ya caje ka kuɗinsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wani abokin aiki ya kawo min Seiko SKX007 na hannu, wai sidi 1,400. Zuciyata ta buga gaskiya, dan wannan shi ne wanda kowa ke yabo, otomatik ne ba batir, Diver's 200m na gaske, tun 1996 ake yinsa har aka daina a 2019. Na ce ya bani in kai ma Baba mai gyaran agogo da ke unguwarmu, dattijo ne da tun muna yara muke ganinsa da gilashinsa a ido.

Baba ya juya shi ya juya, ya buɗe bayan, ya ciro zoben robar da ɗan hantsaki ya ɗora min a tafin hannu. Ta bushe ta yi lebur, ka lanƙwasa ta kaga tsaga. Ya ce ɗana, ba ƙarfe ke hana ruwa shiga ba, wannan 'yar robar ce, guda a baya, guda a kan saiti, guda a gilashi, kamar robar kan tukunyar gas ce, in ta mutu ko tukunyar sabuwa ce sai ta yi yoyo. Ya ce injin cikin na gaske ne amma fuskar da hannuwan an canza, kuma zaren kan saitin ya ci, sai ka ɗan murza ya kama ya saki. Na ce Baba ba za a iya gyarawa ba? Ya ce roba zan iya sa maka sabuwa in shafa mata man silikon, amma zaren sai an samo bututu da kai sabo, kuma ni ba ni da injin gwada matsi, ba zan ce maka shiga teku da shi ba alhali ban gwada ba.

Maganar nan ta ƙarshe ta sa na ƙara ganin girmansa. Ya kuma gaya min abin da ban taɓa tunani ba, wai a Accra iskar kanta jiƙe take, in ka buɗe agogo a waje lokacin damina ka rufe, ka kulle danshi a ciki kenan, ranar da ya shiga ruwa mai sanyi sai gilashin ya yi hazo ta ciki kai kuma ka ɗauka yoyo ne. Na mayar ma abokina kayansa. A hannu a gari agogo ne mai kyau, shi ma bai san cikinsa ba, haka ya saye shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yanzu dai tsakanin guda biyu nake, sauran sun faɗi da kansu. Sabon Seiko 5 Sports da ya gaji kamannin SKX mita 100 ne kuma kan saitinsa ba ya ɗaurewa, dan haka ya fita. Vostok Amphibia na Rasha, tun 1967 ake yinsa, dabararsa ta ban sha'awa ce dan matsin ruwa ƙara matse bayansa yake yi, amma zobensa na juyawa ta ko'ina, ga wahalar samowa. G-Shock na da mita 200 kuma da wuya ya mutu, sai dai latsa ƙananan maɓallai da karanta ƙananan lambobi cikin ruwa mai duhu bai kwanta min ba. Orient Kamasu kyakkyawa ne amma ya wuce kuɗina kuma shi ma ba shi da tambarin Diver's.

Saura Citizen Promaster mai sola, BN0150 ko BN0151, da Casio MDV-106 da ake ce ma Duro, mai hoton kifi a fuska. Citizen ɗin cikakken ISO ne, haske ke cajinsa, in ya cika yana kai wata shida a duhu, kuma babbar fa'idarsa ba sai ana buɗe bayansa duk bayan 'yan shekaru dan canza batir ba, wanda bayan abin da Baba ya nuna min na san darajar hakan. Amma sama da dala 200 ne, fiye da sidi 3,000. Casio ɗin mita 200, kan saiti mai zare, baya mai zare, zobe mai juyawa gefe ɗaya, dala 50 zuwa 70 ya danganta da shago. Ba shi da tambarin ISO, wannan gaskiya ce, kuma haskensa na duhu bai kai na Citizen ba.

Na kai ma malaminmu maganar bayan darasi. Ya saurare ni tsaf sannan ya ɗaga hannunsa ya nuna min kwamfutar nutso, ya ce agogo ba ya gaya maka zurfi, ba ya maka ƙara in kana tasowa da sauri, ba ya lissafa naitirojin ɗin da ya rage a jikinka daga nutson safe. Ya ce yau kusan kowa da kwamfuta yake shiga, agogo na bayanta ne ko da zata mutu, kuma dan ka koyi tebur da hannunka. In kana da dala 250, ka sa 60 a agogo mai gaskiya ka fara tara sauran na kwamfuta, kar ka zuba duka a agogo ka shiga ruwa ba ta. Na kwana ina juya maganar, raina na son Citizen ɗin har yanzu ba zan ɓoye ba, amma hujjarsa ta fi tawa ƙarfi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, an dakatar da shiga ruwa sai bayan salla, dama nutso da ƙishirwa a jiki ba a so, yana ƙara haɗarin ciwon kumfan nan. Na yi ma Yaya da ke Bronx magana tunda zai zo gida salla, na tura masa lambar Casio ɗin daidai, na roƙe shi ya saya a shagon da ke da izinin kamfanin ya riƙe rasit da kwalin. A intanet na ga masu sayarwa a nan Accra, wasu ƙila na gaske ne, amma farashin ya kusa ninki biyu kuma hoto ba ya nuna maka roba. Mma ta ji muna waya ta ce ita dai tekun nan ba ta so, na zauna na mata bayanin cewa ba a shiga mutum ɗaya, kullum da abokin nutso da malami, ta ce Allah ya tsare, na ce amin.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Barkanmu da salla. Agogo ya iso hannu. Babba ne, milimita 44, a siririn hannu zai yi yawa amma nawa ya ɗauka. Zoben na ƙara ƙas-ƙas ba ya wasa, na gwada tura shi baya ya ƙi. Kan saitin na shiga zarensa sumul, kuma dabarar da Baba ya koya min ita ce ka danna ka ɗan juya baya tukuna har ka ji ya zauna, sannan ka ɗaure, da yatsa kawai ba da ƙarfin walda ba, in ba haka ba zaren zai ci kamar na wancan.

Duk da sabo ne na kai shi wani shagon agogo wajen Osu da ke da injin gwaji. Injin nasu "bar" 10 yake kaiwa a ma'aunin matsi, wato matsin mita 100, tunda kowane mita 10 na ruwa "bar" 1 yake ƙarawa. Bai kai 200 ba amma ya ninka inda zan je sau biyar da ɗoriya, iyakar masu nutson shaƙatawa ma gaba ɗaya mita 40 ce. Ya wuce lafiya. Na biya da MoMo ta waya, karon farko ba a cire min harajin E-Levy na tura kuɗi ba tunda jiya aka soke shi. Da kuɗin agogon da na gwajin da ɗan abin da na ba Baba, ban kai 1,500 ɗin ba, ragowar na sa a asusun kwamfuta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Darasin cikin kwamin iyo. Ba zurfi, amma na saba da saita zoben kafin in sauka da kallonsa ta cikin tabarau. Komai na ƙara girma a ruwa, fuskar na karantuwa tas. Da na dawo gida na yi gwajin hazo irin wanda ke cikin ƙa'idar: ka ɗumama agogon ya kai kamar digiri 40 zuwa 45, ni a rana na ajiye shi kaɗan, ka ɗiga ruwan sanyi kan gilashin, bayan minti ɗaya ka goge. In akwai danshi ciki zaka ga hazo a wurin. Fes yake.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun dawo daga Yamma jiya da dare, daga Kaneshie muka hau mota zuwa Takoradi muka ƙara gaba inda bakin tekun ke da duwatsu. Toh nan ne na gane bambancin karatu da ruwa. Igiyar ruwa na jijjiga kwalekwale, hannu na rawa, ga tukunya a baya, a haka zaka tuna ka duba kan saiti a ɗaure yake, ka juya zobe. Mun sauka wajen mita 12, ruwan kore ne, kana ganin abokinka da ɗan abin da ke gabansa shikenan. A wannan hasken fararen hannuwan sun fito sosai, ban buƙaci hasken duhu ba, da dare ne ko cikin ramin dutse zai zama magana, kuma nan da tocila ake shiga dama.

Abin da na lura, a matakinmu iska ce ke ƙarewa kafin lokacin tebur. Ana cika tukunya "bar" 200, ana so ka fito da 50, kuma a mita 10 ninki biyu kake sha na abin da kake sha a sama, sabon shiga kuma numfashinsa da sauri. Dan haka ido na kan ma'aunin iska fiye da agogo. Inda agogon ya yi min aiki na gaske shi ne tsayawar minti 3 a mita 5 kafin a fito, da ƙirga hutun da muka yi a sama tsakanin nutso da nutso, wanda da shi ake shiga tebur a san mintin na biyu. Ni na yi lissafina da fensir, malam ya duba da kwamfutarsa, tebur ya fi ta tsauri dan shi yana ɗauka duk lokacin a wuri mafi zurfi ka yi shi.

Wani cikinmu ya zo da mai 50M da ya saya a gari, malam ya ce ya bar shi a jaka ya ƙi, wai gwaji. Kafin azahar hazo ya cika gilashin, da yamma ya tsaya. Na ji masa, dan shi ma guminsa ne, araha dai ba ta ado.

Matsala ɗaya da na samu ita ce igiya. Rigar roba na matsewa a zurfi, agogon da na ɗaure daidai a sama sai ya saki ya juyo cikin hannu. Kuma na riƙa tunanin fil ɗaya in ya ɓalle shikenan ya tafi ƙasa. Bayan kowace fitowa na jiƙa shi a ruwan sha na juya zoben a ciki dan yashi da gishiri su fita, banda ruwan zafi banda sabulu, kuma ba a taɓa kan saiti sai ya bushe.

Asabar, 31 ga Mayu

Ikon Allah, sidi ya yi ƙarfi a watan nan, dala da take sama da 15 yanzu 10 da 'yan kai a canjin banki. Kwamfutocin da nake kallo, Cressi Leonardo da Mares Puck Pro da Suunto Zoop Novo, duk tsakanin dala 200 zuwa 300 suke, wato kuɗinsu a sidi ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da na yi komai ba. Wani ya ce toh yanzu ai sai ka sayi Citizen ɗin naka. A'a. Wanda ke hannuna bai gaza ba, kwamfutar ce babu. Na fi karkata ga wadda mutum zai canza batirinta da kansa da kayan da ke zuwa da sabuwar roba, dan aika ta waje saboda batir ba zai yiwu min ba.

Wasu sun tambaye ni ko da takardar shaidar wannan koyon zan fara waldar ƙarƙashin ruwa. Ina, wannan ta shaƙatawa ce, ta aiki makaranta ce daban da kayan aiki daban da gwajin likita, kar wani ya karɓi aikin wanke gindin jirgi da ita dan an masa tayin kuɗi. Can nake son zuwa in Allah ya yarda, amma da sauran tafiya.

Asabar, 21 ga Yuni

Na samu igiyar nailan mai tsawo, faɗin milimita 22, irin wadda ke bi ta ƙarƙashin agogon ta ratsa fil biyun, ko ɗaya ya karye ɗayan na riƙe da shi. Baba ya sa min fil masu kauri ya ja da ƙarfi a gabana. Lokaci kuma tun Afrilu 'yan sakanni kaɗan ya ƙara, ban ma taɓa saitin ba. Batirin kamfanin ya ce wajen shekara uku, ranar da ya mutu roba sabuwa za a sa a sake kai shi inji kafin ya ga teku, na rubuta wannan a cikin kwalin dan kar in manta.

Ruwan sama ya dame tekun yanzu, daga Yuli zuwa Satumba kuma ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa a gaɓarmu, malam ya ce rigar da za mu sa zata fi kauri, dan haka sai na gwada ko sabuwar igiyar zata zagaye hannun riga. Kuɗin kwamfuta ya wuce rabi. Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taso daga Jamus cikin Agusta, gobe bayan la'asar zan je gidansu in karɓi lambarsa in ji ko zai iya riƙo min ita.